Yadda Nake Gyara Saitin Bindigar Farauta Don Harbin Nesa

Na taɓa ɓata wata huɗu da kwalin harsashi fiye da goma ina neman laifi a inda babu shi. Bindigar .308 Winchester ce (sunan irin harsashin da take ci ke nan) mai sakata, ƙotarta ta katako, na daɗe da ita har na san halinta. Kwatsam sai ta fara watsa harsashi. Biyu su faɗa wuri ɗaya, na uku ya tafi dama da faɗin tafin hannu, na huɗu ya dawo kamar ba abin da ya faru. Na canza harsashi, na wanke bututu har hannuna ya gaji, na soma zargin ko idona ne ya fara tafiya. Ranar da wani tsohon maƙerin bindiga ya karɓe ta, ko leƙa bututun bai yi ba. Ya kama madubin saiti ya ɗan girgiza, ya ɗauko sifana ya taɓa notunan da ke riƙe da gindin madubin. Biyu daga cikin huɗu sun kwance. Aikin bai kai minti biyar ba. An bar jaki ana dukan taiki, ni ne kuwa mai dukan.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina doka. Idan bindiga ta ƙi samun abu, nakan fara da abin da ya fi sauƙin dubawa kuma ya fi yawan ɓarna, sannan ba na canza abu biyu lokaci guda. In ka ɗaure noti, ka canza harsashi, ka kuma sassauta kunama duk a rana ɗaya, ko da harbin ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara shi ba. Ranar da ya sake lalacewa kuma sai ka koma farko.

Kafin ka ɗauki sifana, zare sakata, ka leƙa ɗakin harsashi, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututu, da idonka, ka sa ɗan yatsa ka tabbatar babu komai. Harsashi ya kasance a wani ɗaki daban da wanda kake aiki. Gwaji kuwa a filin da doka ta yarda a yi harbi, mai tudun ƙasa a bayan takarda, da toshin kunne da gilashin ido. Harsashin .308 da ya tsallake tudu yana iya wuce kilomita 3 kafin ya faɗi ƙasa.

Fara da sanin gaskiyar bindigarka

Maharba suna auna kyan bindiga da kusurwa, ba da tsawo ba, domin kuskure yana girma ne tare da nisa. Ma'auni biyu ake amfani da su. Na farko shi ne MOA, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri, wanda a mita 100 yake daidai da kusan santimita 2.9, a mita 300 santimita 8.7, a mita 500 kuma santimita 14.5. Na biyu shi ne mil, ya fi sauƙin lissafi ga mai aiki da mita: mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100. Yawancin madubai kowane "ƙas" na mamurɗinsu ko dai rubu'in MOA ne, wato kusan milimita 7 a mita 100, ko kuma kashi ɗaya cikin goma na mil, wato santimita ɗaya cif. Duba naka ka san wanne ne, kada ka riƙa cakuɗa su.

Yanzu ga inda mafi yawanmu muke yaudarar kanmu. Mutum zai harba uku, su haɗu kamar ganyen fure, ya ɗauki hoto, ya ce bindigarsa rabin MOA ce. Sauran gungu huɗun da suka watse a ranar kuwa ya ce iska ce, ko hannunsa ne ya motsa. Ni ma na yi shekaru a haka. Harbi uku sa'a ce ke magana a cikinsu fiye da bindiga. Ka harba goma a takarda ɗaya, ka ƙirga duka har da wanda ya ba ka haushi, ka auna daga tsakiyar rami mafi nisa zuwa tsakiyar na ɗaya gefen. Gungun goma kusan kullum ya fi na uku faɗi sosai, kuma shi ne ainihin abin da bindigar za ta yi maka a daji.

Ka yi gwajin a mita 100, safiya mai kwanciyar iska, a kan tebur mai nauyi wanda ba ya rawa. Buhun yashi ɗaya a ƙarƙashin gaban ƙota, ƙarami ɗaya a ƙarƙashin gindinta. Kada bututun kansa ya taɓa buhu ko katako. Bututun farauta siriri ne don a ji sauƙin ɗauka, shi ya sa yake saurin zafi, kuma da ya yi zafi sai harsashi ya fara yawo. Ni nakan bar minti biyu zuwa uku tsakanin harbi da harbi. In na dafa bututu na kasa barin hannuna a kai, na tashi ke nan na miƙe ƙafa.

Ka sami ɗan littafi. Rana, zafin gari, irin harsashi, lambar rukunin da ke jikin kwali, faɗin gungu, abin da ka taɓa a jikin bindigar. Ƙwaƙwalwa takan riƙe kyawawan ranaku kawai.

Noti, ƙota da kunama

Notunan madubi su ne na farko, dalilin kuwa ka riga ka ji. Cire madubi da zobbansa, ka kwance gindin, ka goge maiƙon da ke jikin notunan da ramukansu, ka ɗiga ɗan gam ɗin noti mai suna Loctite, shuɗi, ba ja ba, domin jan sai da wuta yake sakewa. A kan notunan gindi kawai nake sa shi. Na zobban da ke rungume da madubi ba na sa musu komai, kuma ba a ɗaure su da ƙarfin tsiya. A ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti, yawancin kamfanoni suna cewa inci-fam 15 zuwa 18, wato kusan niyuton-mita 2. In ka wuce gona da iri sai ka matse jikin madubin, kayan cikinsa su daina motsi yadda ya kamata. Sayi ƙaramar sifana mai ma'aunin ɗauri. A duk kayan aikina babu wanda ya biya kansa da sauri kamarta.

Sai manyan notuna biyu da ke haɗa ƙarfen bindiga da ƙota. Ƙarfin ɗaurinsu ya danganta da irin ƙotar: ta katako zalla ba ta son matsi sosai, mai gadon alminiyam a ciki kuwa wasu suna kaiwa inci-fam 65. Bi abin da takardar bindigarka ta ce, ka rubuta adadin, ka riƙa maimaita shi daidai duk lokacin da ka buɗe ta.

Daga nan ka ɗauki takarda mai ɗan kauri ka zura tsakanin bututu da gaban ƙota, ka ja ta har zuwa gindin bututun. In ta wuce ba ta maƙale ba, bututun yana lilo shi kaɗai, abin da ake so ke nan. Duk harbi bututu yana karkarwa kamar bulala, kuma muddin karkarwar iri ɗaya ce kowane lokaci, harsashi zai fita a wuri ɗaya. Matsalar ita ce idan ƙota tana taɓa shi yau da ƙarfi, gobe a hankali. Katako yana kumbura da danshi, ya motse da rani. Ƙotar roba mai arha kuma takan lanƙwashe idan ka ɗora nauyi a kan 'yan ƙafafu biyun da ake ɗaura mata a gaba, don haka ka sake gwajin takardar bindiga tana tsaye a kan ƙafafun, kana danna ta yadda kake yi wajen harbi. In tana taɓawa, a naɗa takardar yashi a jikin sanda zagayayya a rage cikin ƙotar kaɗan kaɗan, sannan a shafe katakon da fenti ko mai don kada ruwa ya shiga.

Sai dai akwai wata 'yar ƙura a nan. Wasu kamfanoni da gangan suke barin ɗan tudu a ƙarshen ƙota yana tallafe da siririn bututu, kuma akwai bindigogin da suka fi natsuwa da tudun nan. Kafin ka kankare shi, gwada: sa guntun katin roba a ƙarƙashin ƙarfen bindiga ta gaba don ya ɗaga bututun sama da tudun, ka harba goma. In ya gyaru, ka kankare. In ya lalace, ka cire katinka, ba ka yi asarar komai ba. Abin da aka kankare ba ya dawowa.

Akwai aikin da ake kira shimfiɗa gado, inda ake zuba gam mai haɗi biyu a cikin ƙota a kwantar da ƙarfen bindigar a kai, don ya sami mazauni daidai da siffarsa, wani lokaci har da ginshiƙan alminiyam da notuna ke bi ta cikinsu. Yana taimakawa ƙwarai ga bindigar da ke jefa gungu biyu a takarda ɗaya. Amma in ka manta ba ka shafa maganin hana mannewa a wani lungu ba, ƙarfe da ƙota sun zama abu guda. Na farkonka ka kai wa maƙeri, ka tsaya kana kallo.

Kunama mai tauri tana jan bakin bindiga gefe kafin harbin ya tashi. Wasu suna zuwa daga kamfani sai ka ja da nauyin kilo 2 ko 3. Tawa tana kan kilo 1.3, kuma ba na son ƙasa da haka a bindigar daji, inda yatsa kan yi sanyi, zuciya kuma tana bugawa. Abin da ya fi sauƙin ja muhimmanci shi ne ta karye tsaf ba tare da jan ciki ba. In taka ana daidaita ta da noti, bi takardarta. In ba a yi, kamfanonin Timney da TriggerTech suna ƙera kunamar canji ga bindigogi da yawa. Kada ka sa magagari a haƙoranta. Bayan kowane gyara, bindiga babu harsashi, ka rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, ka buga gindinta a ƙasa, ka sa makullin kariya ka ja kunama ka sake shi sannan ka cire makullin. In ta tashi ko sau ɗaya, ba ta fita daga gida sai an gyara.

Duba kuma leɓen bututu, daidai inda harsashi ke fita. Ɗan tabo a nan, irin wanda ake samu in an jingina bindiga bakinta a ƙasan mota, yana sa iskar albarushi ta fita ta gefe ɗaya ta ture gindin harsashi. Zagaya wurin da auduga. In zare ya maƙale, akwai tabo, maƙeri zai sake yanka leɓen. Wanke bututu kuma ta baya ake yinsa, ta ɗakin harsashi, da sanda mai rufi. Na daina wanke bututu bayan kowane fita. Ina bari sai na ga gungu ya fara buɗewa, sannan in cire jan ƙarfen jikin harsashi da ya taru a ciki. Bututun da aka wanke yanzu yakan jefa harbi na farko da na biyu wani wuri daban, don haka in lokacin farauta ya matso, nakan wanke, in harba uku ko biyar, in bar shi haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Harsashi

Sai yanzu muka iso wurin da na fara a wancan karon. Cikin bututu akwai tsagi murɗaɗɗe da ke juya harsashi don ya tafi da kai gaba. Ana rubuta shi kamar 1:10, ma'ana juyi ɗaya a inci 10. Harsashi mai tsawo yana bukatar murɗi mai sauri. A .308 za ka ga 1:10, 1:11 ko 1:12, a 6.5 Creedmoor kuwa, wani irin harsashi daban, 1:8 ne aka saba, saboda dogayen harsasanta. In ka ga rami a takarda ya yi tsawo maimakon zagaye, harsashin ya fi ƙarfin murɗin bututunka.

Bayan wannan, kowane bututu da abin da yake so, ko da daga kamfani ɗaya suka fito a rana ɗaya. Sayi iri uku ko huɗu na harsashin farauta, kwali ɗaya ɗaya, ka harba goma goma. Wanda ya yi nasara ka koma ka sayi da yawa masu lambar rukuni ɗaya, domin rukuni da rukuni sukan bambanta. Bindigata ta zaɓi giren 165 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), ta ƙi giren 180 ƙememe, ban kuma tsaya gardama da ita ba.

Harsashin da ya yi kyau a mita 100 ba dole ne ya yi kyau a mita 500 ba. Dalili shi ne bambancin gudu. Idan wani ya fita da mita 790 a sakan, wani da 810, a mita 100 ba za ka ga komai ba, milimita kaɗan ne. A mita 500 kuwa bambancin ya kai kusan santimita 12 sama da ƙasa. Na'urar auna gudun harsashi ce za ta nuna maka wannan. Ita ce kuma za ta gaya maka gudun gaskiya, domin wanda ke jikin kwali galibi da bututu mai inci 24 aka auna shi, naka kuwa wataƙila 20 ne ko 22, kuma a .308 kowane inci da ya ragu yana tafiya da kusan mita 7 a sakan.

Kada ka manta harsashin farauta aikinsa ya buɗe a jikin dabba ya kashe ta nan take. Da yawa daga cikinsu suna bukatar gudun kusan mita 550 a sakan kafin su buɗe yadda ya kamata. Nisan da gudun naka ya sauka ƙasa da haka iyaka ce, ko da kana iya samun ƙwayar ido a wurin.

Ana yawan tambayata ko a sayar da .308 a sayi 6.5 Creedmoor, wadda kamfanin Hornady ya fito da ita a 2007. Gaskiya ta fi yanka iska, shurinta kuma ya fi sauƙi. Amma .308 tun 1952 take aiki, kuma daga mita 400 zuwa ƙasa dabba ba za ta san bambanci ba. Wadda nake ja wa sababbin maharba kunne a kai ita ce irin .300 Winchester Magnum. Na ga mutane sun saye ta don su kai nesa, shurinta ya koya musu runtse ido, suka koma kuskuren abin da da can suke samu a mita 150.

Madubi, nisa da iska

Madubi sai ya tsaya a miƙe. Rataya zare mai nauyi a ƙarshensa can gabanka, ka daidaita layin tsaye na gicciyen madubi da shi, sannan ka ɗaura ɗan ma'aunin daidaito mai kumfa a jikin madubin. Wannan ba ado ba ne. Harsashin .308 yana faɗuwa kusan mita biyu da rabi ƙasa da layin bututu kafin ya kai mita 500. In ka karkata bindigar da digiri 5 kacal, abin da ido ba ya lura da shi a gefen tsauni, ka kauce gefe da kusan santimita 20.

Akwai kuma rawar gicciye. Ajiye bindiga a kan buhu ba tare da ka taɓa ta ba, ka leƙa, ka ɗan motsa kanka sama da ƙasa. In gicciyen yana yawo a kan takarda, ka juya mamurɗin gefe har ya tsaya cik. Kada ka dogara da lambobin da ke jikin mamurɗin, sau da yawa ba su dace ba.

Gwajin da mutane suka fi tsallakewa shi ne na doguwar takarda. Auna mita 100 da tef, ba da taku ba. Ja layin tsaye da taimakon zaren nan mai nauyi, ka yi ɗigo a ƙasansa. Harba uku kana saitin ɗigon, ka murɗa sama mil 3, ka sake harba uku kana saitin ɗigon dai. Ya kamata gungu na biyu ya hau santimita 30 cif, kuma a kan layin. In 29 ya hau, madubinka yana cin kashi 3 cikin ɗari, ka sa wannan a lissafinka. In ya kauce daga layin, madubi a karkace yake. Mayar da mamurɗi sifili ka harba ɗaya. In bai koma gida ba, wannan madubin ba na murɗawa ba ne, ka saita shi sau ɗaya ka ƙyale shi.

Harsashin bindigata, da saitin mita 100, yana faɗuwa kusan rabin mita a mita 300, kusan mita biyu a mita 500. Manhajar waya za ta ba ka irin waɗannan lambobi in ka ba ta gudun gaskiya, siffar harsashi, tsayin madubi daga bututu, zafin gari da tsayin wuri daga teku. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Je ka harba a mita 200, 300, 400, ka ga inda suka faɗa, ka gyara lambobin su bi takarda.

An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima. A nan ƙimar ido ba ta isa ba. Kusa da mita 500, kowace mita ɗaya da ka yi kuskure tana jawo kusan santimita ɗaya na faɗuwa, kuskuren mita 25 ke nan ya fitar da kai daga ƙirjin barewa gaba ɗaya. Na'urar auna nisa ta leza dole ce. In kana harbi sama ko ƙasan gangare, nisan kwance ake lissafi da shi, ba na ido ba: mita 400 a gangaren digiri 30 ka ɗauke shi kamar mita 346. Ko sama ko ƙasa, in ka manta harsashi sama zai bi.

Duk waɗannan ana auna su a rubuta. Iska ce ba ta tsayawa a auna ta. Iskar mita 4.5 a sakan da ta zo daga gefe tana ture harsashin .308 kusan santimita 20 a mita 300, fiye da santimita 60 a mita 500. Ka lura nisan bai ninka ba amma turin ya ninka uku, saboda harsashi yana rage gudu yana ƙara ba iska lokaci. In ta zo a karkace da digiri 45 daga layin harbi, ɗauki kashi bakwai cikin goma na lissafin. Da digiri 30, rabi. Na'urar auna iska ta hannu tana gaya maka ta inda kake tsaye kawai, ta cikin kwarin da ke tsakaninka da dabba kuwa sai ka karanta ta da ido. Wadda kake ji a fuska kaɗan, mita 2 ce a sakan ko ƙasa. Ganye na kaɗawa ba tsayawa, kusan 3. Ƙura na tashi, 4 zuwa 5. Ƙananan bishiyoyi na rangaji, 6 zuwa 7. Da rana ka duba kawalwalniya ta cikin madubi: in tana tafasa sama a miƙe babu iskar gefe, in ta karkata akwai kaɗan, in ta kwanta tana gudu kamar ruwa ta kai mita 5 ko fiye.

Hanyar koyonta ɗaya na sani. Ranar iska, wadda kowa ke zama a gida, ita ce ranar fita. Ka kalli ciyawa, ka faɗi adadin da bakinka, ka rubuta, ka harba, ka ga nawa ka yi kuskure. Ƙaramar bindiga .22 a mita 100 tana koyar da wannan darasi sosai, domin iska tana wasa da harsashinta yadda take wasa da babba a nesa.

Mutumin da ke bayan ƙota

In bindiga ta kai MOA ɗaya ko ɗaya da rabi da harbi goma, na daina taɓa ta. Sauran kuskuren nawa ne. Kullum da yamma nakan yi jan kunama babu harsashi sau ashirin, ina kallon ko gicciye zai motsa daga ɗigon da ke bango. Kunci a wuri ɗaya a kan ƙota, gindin bindiga a wuri ɗaya a kafaɗa, jiki a miƙe bayanta, numfashi ya fita in ɗan dakata, yatsa ya ja a hankali ya zauna a baya har sai na ga inda harsashi zai faɗa.

In kana son sanin ko kana zabura, ba abokinka bindigar ya riƙa ɗura maka kana juya baya, wani lokaci harsashi na gaske, wani lokaci na roba marar albarushi. Ranar da aka fara yi mini, na ja kunama a kan na roba, bakin bindiga ya duƙa ƙasa da faɗin yatsa biyu, idona a rufe. Da wani ne ya gaya mini da na ƙaryata shi.

Sannan ka bar tebur, daji ba shi da tebur. Harba a kwance kan jakar baya, a zaune da sanduna biyu, a durƙushe jingine da dutse, wani lokaci bayan ka yi ɗan gudu numfashi na sama sama. Yanka takarda zagayayya mai faɗin santimita 20, kwatankwacin huhu da zuciyar barewa. Kowace fita, harbin farko daga bututu mai sanyi, daga irin zaman da za ka yi a daji, a kan wannan takarda, harbi ɗaya tak, ka rubuta ko ka samu ko ka kuskure. Nisan da kake samu tara cikin goma shi ne nisanka. Ka kuma tuna harsashi yana ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na sakan kafin ya kai mita 500. Dabbar da ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya a wannan lokacin, harsashin da aka nufa ƙirji a ciki zai same ta. Na taɓa bin sawun jini daga hantsi har faɗuwar rana saboda irin wannan, ban kuma same ta ba.

A kan tebur ina buga farantin ƙarfe a mita 600 ba wahala. A takardar santimita 20 kuwa, harbin farko, littafina ya nuna ina cikawa har mita 350 in iska na kwance, 250 in ganye na kaɗawa. Katin faɗuwar harsashi da na manna da tef a gefen ƙota yana farawa daga mita 100, yana hawa hamsin hamsin, layinsa na ƙarshe 350 ne. Ƙasan wannan na yanke katin da almakashi, don kada wata rana in ga ƙaho mai kyau a mita 420 in fara neman lamba.